Littafin Bashi a Osaka

Mu goma sha bakwai muka taso daga Iloilo,
jaka iri ɗaya, katin suna rataye a wuya.
Malama Abellera ta ƙirga mu a filin jirgi,
ta sake ƙirgawa a Osaka, kamar kaji za ta saya.
Ta ce, "Buɗe ido muka zo, amma ku buɗe kunne,
ciniki karatu ne, ba ya shiga kai a tsaitsaye."

Ran Litinin, goma saura minti biyu,
muna bakin wani kanti mai hawa tara.
Ƙofa ta buɗe, ma'aikata sun ja sahu,
suna rusuna wa wanda ko sisi bai fitar ba.
Manajan, Kuwabara, mai farar safar hannu,
ya ce abin da kake so ya tafi, sa shi daidai ido.
Alawa a ƙasa, inda hannun yaro zai kai.
Madara can ƙurya, don mai nemanta ya ratsa
ta gaban abin da bai fito saye ba.
Efren ya yi ta rubutu har bironsa ya ƙafe.
Ni ina kallon wata tana naɗe kankana guda
cikin takarda uku, ta ɗaure da zaren zinariya.
Na leƙa farashin, na ga kuɗin hayarmu na wata.

Da aka tambayi sana'ar iyayenmu na yi shiru.
Ta ina zan fara? Tagar uwata mai ragar waya,
sukari cokali-cokali, sabulu a yanka huɗu,
da littafin bashi da kusu ya ci wa baya?

Laraba muka hau tsohuwar fada, bene kan bene,
gari ya kwanta a ƙasa kamar shinkafa a faranti.
Alhamis a Nara barewa ta bi Ligaya,
ta fizge takardar lissafin riba daga hannunta,
ta tauna shafi biyu tana kallonmu, ko kunya.
Har Malama sai da ta dafa bango don dariya.

Da yamma ruwa ya tsinke, na ɓace wa ayari.
Na faɗa wani lungu, ga shago kamar akurki:
batir, ashana, busasshen kifi, lema guda biyar,
da wata tsohuwa, Shizue, tana gyangyaɗi gaban rediyo.
Na ɗauki lema, na zazzage aljihu a kan tire,
yen tamanin suka ƙi cika.
Na mayar da lemar. Ta turo mini ita.
Ba ta jin harshena, ba na jin nata,
sai ta jawo wani littafi daga ƙarƙashin teburi,
gefensa ya yi baƙi don yawan shafar yatsa.
Ta miƙo fensir, ta nuna mini layi.
Na rubuta Dalisay a ƙasan sunayen maƙwabtanta,
hannuna yana rawa, ba don sanyi ba.

Na san littafin nan. A kansa na koyi ƙidaya.

Washegari na tsallake kallon kifaye na koma.
Ta karɓi tamanin, ta ja layi a kan sunana,
irin jan da uwata ke yi, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe,
ta ƙara mini alawa biyu, gyara.

A jirgi kowa na rubuta rahoton hawa tara.
Na tuna barewar Nara da abin da ake faɗa,
ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Na juya sabon shafi, na sa kanu:
Taga ɗaya, ragar waya, shekara ashirin da biyu.
Malama ta leƙo ta karanta, ba ta ce komai ba,
ta dai ara mini bironta.